Yadda Ake Sharhin Sabuwar Fitowar Komik

Abu ɗaya ke kayar da masu fara sharhin komik, wato littafin labari cikin zane: sai su kwashe labarin kaf su zube wa mai karatu, a layin ƙarshe su ce "zanen ma ya yi kyau". Wannan ba da labari ne kawai.

Fara da shafin sunaye. Fitowa ɗaya ta Marvel ko DC, manyan kamfanonin komik na Amurka, mai shafi 20 zuwa 22, galibi hannu biyar ne a kanta: marubuci, mai zanen fensir, mai bi da tawada, mai sa launi, da mai rubuta maganganu. Kada ka jingina komai ga marubuci. Yadda marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka yi aiki a Marvel a shekarun 1960, mai zane ne ke tsara shafuka daga taƙaitaccen labari, daga baya a sa magana.

Karatun farko na jin daɗi ne, ajiye biro.

Na biyu shi ne aikin, kuma nan ake gaggawa. Sa yatsa ka rufe maganganun, ka bi hotuna zalla. Ka gane wa ya fusata, wa ya shigo, ina ake? Idan sai da magana ka gane, mai zane ya gaza, ko da kowane hoto ya isa a rataye a bango. Lura da inda idonka ya yi tuntuɓe tsakanin akwatin hoto ɗaya da na gaba, ka rubuta lambar shafin. Duba kuma inda aka ajiye abin mamaki: wurinsa bayan an juya shafi. In ya faɗo a shafin dama, ido ya riga ya sace shi. Ni ba na yafe wannan. Haka kumfar magana (da'irar da ake rubuta magana a ciki) da ta rufe fuska, ko launin da ya mayar da dare da rana ɗaya.

Sannan koma kan rubutun. Marubucin da ke maimaita abin da hoto ya riga ya nuna ɓata wuri yake yi. Fitowar ta tsaya da ƙafarta, ko cike gurbi ce kafin ta gaba? Dala 4 ko 5 a kan fitowa ɗaya ba wasa ba ne. In cike gurbi ce, gaya wa mutane su jira kundin da zai haɗa fitowa biyar ko shida, ya fi araha.

Taƙaita labarin a layi uku, kada ka tona shafin ƙarshe. Ranar Laraba sababbi ke fitowa a Amurka, don haka sharhinka ya fita kafin Asabar.