Yadda ake ɗora bayanau a kan siffa a Turanci

A Hausa, bayanau (adverb), wato kalmar da ke ƙara wa siffa ƙarfi, a baya take zuwa: fari fat, baƙi ƙirin, tsada ƙwarai. Turanci kuwa gaba yake sa ta. Shi ya sa ɗalibi a Gusau ko Birnin Kebbi, idan ya tsara jimla da Hausa a ransa sannan ya juye ta a takardar WAEC ko NECO, sai ka ga ya rubuta "The weather is hot very". Daidai shi ne "The weather is very hot".

Fara da gano siffar. A jimlar "The fish caught at Argungu was extremely heavy", heavy ce ke faɗin yadda kifin yake, extremely kuma tana auna iyakar nauyin. Cire extremely, jimla na nan daram; cire heavy, ta rushe. Wadda aka cire ba a yi asara ba ita ce bayanau. Idan akwai a ko an, ita ce za ta zo gaban bayanau da siffa duka: "a very tall man". Enough ce ta fita daban, bayan siffa take zama: "She is old enough to vote", wato ta cika shekara 18. In ka gan ta gaban suna, kamar "enough rice", to wani aikin take yi.

Inda aka fi zubar da maki shi ne tsakanin very da too, domin a Turancin da muke ji a titi an mayar da su abu guda. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya taya buhun shinkafa a kasuwar Jega ya ce "It is very expensive" yana iya ciza yatsa ya biya. Wanda ya ce "It is too expensive" ya riga ya juya, kuɗin sun fi ƙarfinsa. Too tana nufin abu ya wuce kima har ya hana wani abu. Saboda haka yaron da ya rubuta "Our principal is too kind" da niyyar yabo, abin da mai duba takarda zai karanta shi ne kirkin shugaban ya yi yawa har ya zama aibi.

A tambayoyin cike gurbi, dubi abin da ya biyo bayan siffar kafin ka zaɓa. In ka ga to da aikatau, kuma ana nufin abin ya gagara, too ake nema: "The tea is too hot to drink". In ka ga that mai nuna sakamako, so ce: "The tea was so hot that I could not drink it". Very ba ta iya maye gurbin too ko so a irin waɗannan jimloli. Kuma kada a ƙara not a bayan too, korewar tana cikinta tuntuni.

Sai batun mataki. Siffofi irin su hot, tired da good suna hawa suna sauka, don haka suna karɓar slightly, fairly, rather, very da extremely, daga ƙasa zuwa sama. Wasu kuwa sun riga sun kai ƙarshe: freezing, exhausted, excellent, impossible. Ba a cewa "very excellent", tunda babu sauran wurin ƙari. Abokan tafiyarsu su ne absolutely, completely, totally da utterly: "absolutely exhausted". In ka rasa wadda za ka ɗauka, really tana shiga ɓangarorin biyu. Quite kuma a yi hattara da ita: a Turancin Ingila "quite good" na nufin ba laifi, amma "quite right" na nufin daidai ɗari bisa ɗari.

Wajen kwatance ma very ba ta da shiga. "Gusau is much bigger than Kaura Namoda" ake cewa, ko a sa far ko a lot. "Very bigger" kuskure ne, "more better" kuma ya fi shi muni.

Yawancin waɗannan kalmomi da -ly suke ƙarewa, kuma barin ta laifi ne a rubutun jarrabawa: "really good", "badly injured". A kula da harafi: terrible ta koma terribly, true ta koma truly, full ta koma fully, amma extreme tana riƙe e ɗinta a extremely. Friendly, costly da lovely siffofi ne duk da kamanninsu, shi ya sa ake cewa "very friendly". Hardly kuma, duk da kamarta da hard, ba ruwanta da ƙarfi ko wuya, da ƙyar take nufi. Ranar da hazon hunturu ya rufe hanya, "The road is hardly visible" za ka ce.

Akwai waɗanda ba doka ce ta haɗa su ba, sabo ne. Kamar yadda Bahaushe ba zai ce baƙi fat ba, haka Bature ke cewa "bitterly cold", "seriously ill", "highly unlikely", "deeply sorry", "fully aware". Waɗannan haddace su ake yi bibbiyu. Ware shafi a bayan littafinka, duk inda ka ci karo da irin wannan haɗi a jarida ko tsofaffin takardun JAMB, ka kwafe shi tare da jimlarsa gaba ɗaya, sannan ka gina taka jimlar a ƙarƙashinsa ka kai wa malamin Turanci ya duba.