Tsayawar awa goma a hanya: wane gari za ka fita ka gani, wane za ka hango ta taga?

Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, duk wanda ya je tashar jirgin ƙasa ta Rigasa zai ga yara da manyan akwatuna an ɗaɗɗaure su da leda, iyaye na ta sa albarka. In sun sauka a tashar Idu ta Abuja su wuce filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wasu kuma su bi ta Kano. Ga mai zuwa karatu Ingila, ga mai zuwa Malesiya, ga ma'aikaciyar jinya da ta samu aiki, ga amarya za ta bi miji Kanada. Yawancinsu tikiti mai sauƙin kuɗi suka yanka, shi kuwa mai sauƙin kuɗi ba ya kai mutum kai tsaye, sai an yada zango a wani gari, awa takwas, awa goma sha huɗu, wani lokaci har kwana. A nan tambayar take fitowa: "Yaya, tunda zaman dole ne, ta wane gari zan bi in ɗan ga duniya?"

Ƙanena, ba kyawun gari ake fara dubawa ba. Koren fasfon da ke aljihunka shi ne ke da ta cewa. Hotunan da kake gani na mutane sun sauka a Faris sun sha shayi a gindin hasumiya sun koma jirgi, masu wani fasfo ne, ba irin namu ba. Nijeriya na cikin ƙasashe goma sha biyu da ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, suka ce 'yan cikinsu sai da biza za su wuce ta filin jirginsu, ko da mutum ba zai taka waje ba. Ana ɗage wannan ga mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Japan, amma ɗagewar ta zama a ciki ce kawai, ba izinin shiga gari ba ce. Ingila ma tana da irin tata. Kuma bizar Ingila ba ta buɗe maka ƙofar Jamus ko Faransa. Saboda haka Faris da Firankfot da Amsatadam, cire su daga lissafi, sai fa idan can ɗin za ka, ko kana da izinin zama a ɗaya daga cikin ƙasashen.

Bayan fasfo sai lissafin awoyi, kuma nan ne mutane suke yaudarar kansu. Ka ga an rubuta awa goma a tikiti, ka ce kai ai yini guda gare ka. Cire awa ɗaya da rabi na saukowa da layin jami'an shige da fice. Cire awa uku da ya kamata a ce ka dawo kafin jirgi ya tashi, domin za a sake bincikenka daga farko. Cire tafiya da dawowa. Abin da ya rage shi ne yawonka, sau da yawa awa uku ne ko huɗu. Sannan ka duba ƙarfe nawa za ka sauka: awa goma da ta faro daga tara na dare ba ta yawo ba ce, ta barci ce. Lokutan da ke kan tikiti kuwa na garin da kake ne, ba na Kaduna ba. Istanbul da Doha da Adis Ababa da Jidda duk suna gabanmu da awa biyu. Ni dai a wurina, abin da bai kai awa takwas ba bai cancanci fita ba. Ka kuma tambayi ejan kafin ka biya: tikiti ɗaya ne har ƙarshe, ko biyu ya haɗa maka? Idan ɗaya ne, akwatinka zai wuce da kansa. Idan biyu ne, sai ka karɓi kaya ka sake aunawa, wanda ke nufin sai ka shiga ƙasar, wato sai da biza. Kuma idan ka makara wurin yawo jirgi ya tashi ya bar ka, laifin naka ne, kamfani na iya soke sauran tafiyar gaba ɗaya.

To, ina ƙofa ta fi sauƙi? A Afirka take. Ruwanda tana ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin shiga na kwana 30 a nan filin jirgi, ba tare da sun biya ba, kuma filin jirgin Kigali na dab da gari. Mutum zai iya zuwa wurin tunawa da kisan ƙare-dangi na 1994 a Gisozi, ya wuce unguwar Nyamirambo ta Musulmi ya yi salla ya ci abinci, ya dawo da sauran lokaci. Sun haramta leda tun 2008, don haka kar ka fito da ita a hannu. Matsalar kawai jiragen RwandAir ba sa zuwa wurare da yawa, ba kowa hanyarsa ke bi ta can ba.

Wanda ya fi shafar mutanenmu shi ne Adis Ababa. 'Yan Kaduna ba su manta ba, a 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyara, Ethiopian Airlines ya riƙa sauka a filin jirginmu a lokacin da sauran manyan kamfanonin waje suka noƙe. Filin jirgin Bole a cikin gari yake, ba wata doguwar tafiya. Kamfanin kan ba wanda zai jira tsakanin awa 8 zuwa 24 masauki a otal idan ya cika sharuɗɗansu, amma a tambaya tun a Abuja. In kuwa yawo kake so da kanka, nemi biza ta intanet kafin ka tashi, kar ka dogara da cewa za a buga maka a can. Garin yana kan tudu, sama da mita 2,300, ga sanyi da dare, ga ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba, kuma ɗan hawan bene sai ka ji kana haki. Akwai gidan tarihi na ƙasa inda ake ba da labarin ƙasusuwan Lusi, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, da aka tono a 1974, akwai babbar kasuwar Markato da masallacin Anwar a cikinta, sai dai a Markato waya ba ta zama a aljihun baya. Abin da na fi so a garin ƙarami ne: mace zaune a 'yar gajeruwar kujera tana soya 'ya'yan gahawa a kasko, hayaƙin turare na tashi, ta daka, ta dafa a ɗan tulun ƙasa mai dogon wuya, ta zuba maka a ƙaramin kofi da gugguru a gefe. Amma ka kiyayi agogonsu. Suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Idan direba ya ce zai dawo ya ɗauke ka ƙarfe takwas, ka nuna masa a wayarka wane takwas ɗin.

Idan lokacin gajere ne kuma an samu izinin shiga, babu kamar Doha. Qatar Airways na tashi daga Abuja da Kano, kuma tana da tsarin bizar masu wucewa, sai dai ana nema ne kwanaki kafin tafiya, ba a bakin kanta ba. Daga filin jirgin Hamad ka hau jirgin ƙasa na cikin gari, jan layi, ka sauya a tashar Mushairib, tsayawa ɗaya ka iso kasuwar Waƙif. Turare, kayan yaji, abaya, har da ɓangaren masu sayar da shaho. Gidan adana kayan tarihin Musulunci da aka buɗe a 2008 yana nan kusa a bakin teku. Awa uku sun isa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafi kan haura 40, shagunan kasuwar ma rufewa suke da rana sai la'asar, ranar Juma'a da safe kuma gari shiru yake.

Istanbul shi ne wanda zuciya ta fi so, shi ne kuma ya fi cin lokaci. Sabon filin jirginsu, wanda suka koma gaba ɗaya a 2019, yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari, kamar rabin hanyar Kaduna zuwa Zariya, ga cunkoson motoci. Turkish Airlines na da yawon gari kyauta ga mai jiran awa 6 zuwa 24, da mota da ɗan jagora, kuma na fi son sabon zuwa ya bi wannan, domin su ne za su dawo da shi kan lokaci. Amma kyautar ba ta haɗa da biza ba, ɗan Nijeriya kuwa sai da biza yake shiga Turkiyya. In ka samu, ka nufi dandalin Sultan Ahmad. Aya Sofiya na gefe guda, an kammala ta a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020. Tana fuskantar masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609. Fadar Topkafi da ake ajiye kayan tarihin Manzon Allah (SAW) na nan bayansu, sai dai ba a buɗe ta ranar Talata, babbar kasuwar rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Ni da za a ce in zaɓi wuri ɗaya, unguwar Ayyub zan je, inda kabarin Sahabi Abu Ayyuba al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzo a gidansa a Madina. Idan mai wankin takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, kar ka ɗauka masa. Dabara ce: zai yi godiya, ya goge maka takalmi kamar kyauta, sannan ya yanka maka kuɗi.

Alƙahira sai mai awa goma sha biyu ko fiye, da biza. Dalar Giza tana can ɗaya gefen garin daga filin jirgi, cunkoso kuma ba ya jin lallashi. Gara mutum ya tsaya a Azhar, wanda aka kafa a ƙarni na 10, da masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, duk a wuri guda suke. Kasabalanka ta Maroko akwai jirgin ƙasa daga filin jirgi, akwai masallacin Hasan na Biyu a bakin teku mai hasumiyar mita 210, amma 'yan'uwa masu niyyar ziyarar Shehu Tijjani su sani Fas ba tafiyar ɗan tsayawa ba ce, awoyi ne a jirgin ƙasa. Dubai kuwa ƙa'idar bizarta a kanmu ta yi ta sauyawa tun 2022, kar ka gina shiri a kanta.

Saudiyya ta fito da bizar yada zango ta awa 96 a 2023, ana neman ta lokacin yankar tikitin Saudia ko Flynas, kuma ana iya yin Umara da ita. Jirgin ƙasan Haramaini na tashi daga filin jirgin Jidda zuwa Makka. Wanda hanyarsa ta bi ta nan kuma aka amince masa, to ya dace. Sai dai ya ware yini guda cur, ya kuma tambayi malami zancen harami tun a gida, domin ana wuce miƙati ne ana sama.

Duk da wannan, idan tafiyarka ta farko ce, shawarata ka zauna a ciki. A jakar hannunka akwai takardar makaranta, da ta gwajin tarin fuka in Ingila za ka, da katin allurar shawara, da ɗan guzurin da Baba ya sayar da wani abu ya haɗa maka. Ba ka san yadda ake karanta allon tashin jirage ba tukuna, ba ka yi barci ba tun Rigasa. Garin ba inda zai je, za ka bi ta nan lokacin zuwa hutu, a sannan kana da katin zama da katin banki mai aiki. Ka nemi masallacin filin jirgin ka yi ƙasaru, ka ci abinci, ka sa waya caji, ka kira Mama. Ke ma ƙanwata, musamman in da goyo, ki tambayi teburin kamfanin ko kin cancanci ɗaki, hutun ya fi miki yawo.

Ran da ka tashi fita, ka tabbata katin shiga jirgi na gaba yana hannunka kafin ka bar filin. Ka sauke taswirar garin a waya tun kana da intanet, ka riƙe ƙananan daloli da ka canza tun a Kaduna, domin katin naira na iya ƙin aiki a daidai lokacin da kake buƙatarsa. Fasfo a jikinka, ba a jakar da za ka ajiye ba. Kar ka riƙe wa kowa kaya, ko da ya yi maka Hausa. Wuri ɗaya ko biyu za ka zaɓa, makusanta juna, ka sa ƙararrawa a waya da agogon garin, ta buga ka juyo ko kana tsakiyar ciniki. Da ka shigo ka sake duba allo, don sukan sauya ƙofar shiga jirgi, kuma a Istanbul daga wannan ƙofa zuwa waccan kan ci minti ashirin a ƙafa.