Babi na 5: Yadda Ake Raya Itacen Dashe, Daga Damina Har Bazara

'Yan'uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. A karanta wannan babi a hankali, layi bayan layi. Inda kalma ta yi wuya, a ɗora yatsa a kanta, a rarraba ta gaɓa-gaɓa kamar yadda muka saba: man-gwa-ro, da-she, sai-wa. Wanda ya gama darasi ɗaya, ya fita ya aikata abin da ya karanta kafin ya buɗe na gaba.

Ga kalmomi 3 da za su yi ta dawowa. Dashe shi ne ɗan ƙaramin itacen da aka raina a cikin baƙar leda, irin wanda ake saye a lambu ko a wurin ma'aikatan gandun daji. Saiwa ita ce jijiyar itace da take cikin ƙasa, da ita yake shan ruwa. Gindi kuwa shi ne daidai inda itace ya haɗu da ƙasa.

Darasi na 1: Rami da dasawa

Kada a yi dashe da ruwan farko. Ruwan farko yakan sauka ya ɗauke, ƙasa ta sake bushewa. A jira sai damina ta zauna. A yawancin ƙasar Hausa watan Yuli ke nan, wato wata na 7. Wanda ya bari sai Satumba, wata na 9, ya makara, domin ruwa zai ɗauke saiwa ba ta kama ba.

A haƙa rami tun saura mako 2 a yi dashen. Zurfinsa santimita 60, faɗinsa ma haka. Wanda ba shi da abin awo ya yi amfani da hannunsa: kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa, da ɗan ƙari. Ƙasar da ta fara fitowa daga sama, a tara ta gefe guda, ita ce mai ƙarfi. A gauraya ta da bokiti ɗaya na takin gida wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, kada a sa shi.

Idan itatuwan sun fi ɗaya, a ba su tazara. Mangwaro yana son mita 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, wato kamar taku 13 na babban mutum. Gwaiba da lemo mita 6, kamar taku 8. Kada a dasa mangwaro a jikin katanga ko kusa da masai.

Ranar dasawa a bari sai la'asar, rana ta yi sanyi. A tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, a cire ta gaba ɗaya. A cire ledar. Na taɓa tone wani dashen da ya ƙi girma, na tarar da saiwarsa ta nannaɗe cikin leda kamar gammo. Mai itacen ya ce shi ba a taɓa gaya masa ba, kuma gaskiyarsa ne. To, yanzu an faɗa. A riƙe dunƙulen ƙasar da hannu biyu kada ya farfashe, a ajiye shi a tsakiyar rami, a mayar da ƙasar da aka gauraya. Inda ƙasa ta tsaya wa itacen a cikin leda, nan za ta tsaya masa a rami. Kada a binne wuyansa. A danna ƙasa da ƙafa a hankali, a zuba bokiti ɗaya na ruwa ko da an yi ruwan sama ranar.

Darasi na 2: Ban ruwa

Wannan shi ne darasin da na fi so ku riƙe. Da damina kowane dashe kore shar yake, kowa yana murna. Rani ne yake bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba. Kuma yawancin itatuwan da na ga sun mutu a hannun ɗalibai, masu su suna ba su ruwa. Yadda ake bayarwar ne ba daidai ba.

Wani dattijo a ajinmu ya same ni ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, kullum sai na ba shi ruwa, amma ga shi yana yaushi." Na ce, "Baba, da me kake ba shi?" Ya ce da buta. Muka je gidan. Saman ƙasar a jiƙe yake. Na tura yatsana, ban kai gaɓa ta biyu ba sai ga busasshen gari, da ɗumi kamar toka. Ruwan buta ya wanke wa ƙasa fuska kawai, bai kai ga saiwa ba.

Ga yadda ake yi. A ɗauki fartanya a yi wa itacen kunya a kewaye, kamar bakin faranti. Daga gindi zuwa kunyar kamu ɗaya ta kowane gefe. Tsayin kunyar ya kai faɗin tafin hannu. Amfaninta ta tare ruwa kada ya gudu. Sai a kawo bokiti cike, babba, ko jarka mai lita 20. A zuba rabi a cikin kewayen, a hankali. A tsaya. A bari ƙasa ta shanye. Sannan a zuba sauran rabin.

A sake karantawa: bokiti cike, a zuba rabi, a jira, a zuba rabi.

Lokacin ban ruwa shi ne da sassafe bayan sallar asuba, ko da yamma bayan la'asar. Da tsakar rana zafi yana kwashe ruwan kafin ya nutse. Kuma ƙasa ake zuba wa, ba ganye ba. Ganye ba shi ne bakin itace ba, saiwa ce bakinsa.

Yaya za a san lokacin ƙarin ruwa ya yi? A tura yatsa gaba ɗayansa cikin ƙasar kewayen. Idan akwai danshi, a bari sai gobe. Idan a bushe take, a kawo bokiti. Ƙasar rairayi tana saurin bushewa, ta laka tana riƙe ruwa, saboda haka maƙwabcinka ba zai auna maka ba, yatsanka ne zai gaya maka. Wanda bai gane ba karo na farko kada ya ji kunya, da yawa sai a karo na uku suke kamawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gida: kowa ya rubuta wannan jimla sau 3 a littafinsa: "Bokiti cike, ba buta ba."

Darasi na 3: Kaka

Ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Kada a jira sai ganye ya yi yaushi. Da zarar an yi mako ɗaya babu ruwan sama, a gwada da yatsa, a fara ban ruwa yadda aka koya a Darasi na 2.

Da kaka abin rufe gindi yana da yawa: busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa. A shimfiɗa shi cikin kewayen, kaurinsa kamar yatsu 4. Yana hana rana shan ruwan da kuka wahala kuka ɗebo. Amma kada ya taɓa jikin itacen. A bar fili kamar faɗin tafin hannu a kewayen gindi, saboda gara. A riƙa ɗaga ciyawar ana dubawa. Idan an ga gara ta fara gini a jikin itace, a kankare, a barbaɗa toka.

Da an gama girbi ake sakin dabbobi. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata 3 kafin a idar da sallar azahar. A yi shinge tun kafin a sake su: ƙaya, ko kara, ko tsohon kwando da aka cire wa gindi, ko bulo da aka jera da 'yan ƙofofin iska. Tsayinsa ya wuce inda akuya take kaiwa idan ta miƙe da ƙafa biyu. A bar wurin da bokiti zai shiga, domin shingen da ya hana ban ruwa bai yi amfani ba.

Darasi na 4: Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da iska da ƙura. A nan ne ɗalibai suka fi sakaci. Mutum yana jin sanyi, sai ya ɗauka itace ma ba ya jin ƙishirwa. Ku dubi leɓɓanku da duga-duganku yadda iskar hunturu take fasa su. Haka take yi wa ƙasa. Ɗan dashe yana bukatar bokitinsa bayan kowane kwana 2 ko 3.

Zan faɗi magana, ku yi haƙuri da ni. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na gaji da jin "na sa yaro ya zuba." Yaro zai ɗebo rabin gwangwani ya watsa daga nesa ya ruga wasa. Na gaji da zuwa gida in tarar kunya ta rushe tun kaka, ruwa yana bin tsakar gida, mai gida yana kallo. Malam, kai ka sayi dashen nan da kuɗinka. Malama, ke kika ce kina son 'ya'yanki su ci gwaiba a gida. Aikin bai kai minti 10 ba. A gyara kunya. A tura yatsa. Bokiti cike, a zuba rabi, a jira, a zuba rabi. In za a sa yaro, a tsaya a kansa har ya iya.

Kada a hura wutar jin ɗumi kusa da itace, kada kuma a ƙona shara a gindinsa. Idan iska tana kaɗa shi, a kafa sanda a gefe a ɗaure da tsumma, sako-sako.

Wani itacen yakan zubar da ganye a wannan lokaci. Kafin a tumɓuke shi, a ɗan kankari ɓawon da farce. Idan ciki kore ne, yana da rai, a ci gaba da ba shi ruwa.

Darasi na 5: Bazara

Maris zuwa Mayu, zafi ya kai matuƙa, rijiyoyi sun ja baya. A duba da yatsa kullum. A ƙasar rairayi sai an ba da ruwa kowace rana.

Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa kusa da itacen har wuya, a cika shi, a rufe bakin. Zai riƙa tsatsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin hatsi suna da kyau, a tara su. Ruwan omo da na gishiri kada a zuba. A ɗora 'yar rumfar kara a kan shinge don inuwa. Kada a sa taki yanzu, a bari sai ruwa ya sauka.

Darasi na 6: Gyaran rassa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yanke busassun rassa da wuƙa mai kaifi, kada a karya da hannu. Mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen wani mangwaron, yana da tabo a jikinsa inda aka haɗa shi. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon, a cire. Idan ya yi fure a shekarar farko, a tsinke furen domin itacen ya yi ƙarfi. Yakan fara 'ya'ya sosai a shekara ta 3 ko ta 4.

Darasi na 7: Zogale da gwanda

Zogale idan ya kai ƙugun mutum, a datse kansa don ya yi rassa. Gwanda ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, da damina a fasa kunyar ruwa ya wuce. Da rani a mayar da kunyar, a koma Darasi na 2.