Darasi na 7: Cire ƙarafan wuyan jitar bas

Gurmi da molo ba su da ƙarafa a wuya, wato siraran ƙarafan da ke gitta wuyan jita don raba sautuka. Yatsa ke neman sauti, kunne na yi masa jagora. Jitar bas ma ana iya mai da ita haka. Mawaƙin Amurka Jaco Pastorius ya cire ƙarafan tasa, ƙirar Fender ta 1962, ya shafe wuyan da gam mai tauri irin na jirgin ruwa.

Kayan aiki: ƙarfen narka dalma, filaya mai bakin yanka da aka goge ya yi daidai, reza, gam, sanfefa, da siririn katako fari mai kaurin milimita 0,6. Ka fara neman su a Kasuwar Katako ta Yamai.

Kwance tsirkiyoyi. Bi gefen kowane ƙarfe da reza don fenti ya rabu. Ɗora ƙarfen dalma a kan ƙarfen wuyan daƙiƙa kamar goma, sai ka cusa bakin filaya a ƙarƙashinsa daga gefe ɗaya, kana matsewa kana matsawa kaɗan-kaɗan. Kada ka fizge! Ƙarfen yana da ƴan haƙora a gindi, in ka ja da ƙarfi sai ya taso da ɓallin katako, balle da hunturu da itace ya bushe ƙayau. Ɓallin da ya tashi, manna shi nan take kafin ya ɓace cikin ƙura.

Ramukan da suka rage dole a cike su. Garin katako da gam yana toshe rami, amma siririn katako ya fi, don shi ke tokare wuyan kada tsirkiya ta lanƙwasa shi gaba. Farin layin kuma zai nuna maka mazaunin yatsa. Cusa siririn katakon a kowane rami da gam, bar shi ya kwana, yanke abin da ya fito, sannan ka goge da sanfefa lamba 180, 320, har 600, a naɗe bisa katako mai bin lanƙwasar wuyan. Hannu zalla yana barin kwari da tudu, tsirkiya ta riƙa zuza.

Yanzu tsirkiya ta yi nesa da katako da kusan milimita ɗaya. Zurfafa ramukan matashin da tsirkiyoyi ke kwance bisansa a ƙarshen wuya, ka sassauko da jaki, wato abin da ke tallabe su a jikin jitar. Sa tsirkiya mai santsi, don mai kaushi tana cin katako.

Wajen kiɗa, yatsa bisa layi daidai ake sa shi, ba bayansa ba kamar dā.