Yadda za ka samu wurin farauta a yankin Maraɗi yanzu da daji ya ƙare

Duk mai fita farauta ya san dajin da iyayenmu suka bi da gora da karnuka yau gona ne. Daga Tibiri har Gidan Rumji, ko ka yi kudu wajen Madarunfa, gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta saboda jama'a sun yi yawa, kuma gonakin gado an sayar da su da yawa ga 'yan kasuwar birni, wasu sun zagaye da waya sun sa mai gadi. Barewa da gada sai labari wurin tsofaffi, tuje ma haka. Abin da ya rage shi ne zomo, kurege, gafiya, damo, bushiya, fakara, sai zabon daji jefi-jefi, kuma kusan duk cikin gonar wani suke. To ke nan farautar yanzu neman izini ce kafin komi.

Fara da takarda. Dokar farauta ta Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ta raba dabbobin da aka hana taɓawa sam da waɗanda ake iya farauta da izini, kuma akwai lokacin buɗewa da na rufewa. Je ofishin ma'aikatan gandun daji na gundumarku ka tambaya da bakinka ko an buɗe bana, wane permi, wato takardar izinin farauta, ya dace da kai, in da bindiga ne ita ma da tata takardar daban. Kar ka dogara da "ai an ce" na majalisar shayi. Gadabeji, gandun namun daji na wajen Dakwaro, kuwa cire ta daga lissafi gaba ɗaya, tun 1955 aka keɓe ta, a 2018 ma aka kai raƙuman dawa can daga garin Kure na wajen Yamai. Dajin Baban Rafi na wajen Madarunfa gandun hukuma ne, ga kuma matsalar 'yan bindiga ta bakin iyaka, mutum da makami cikin wannan daji ko sojoji ko ɓarayi wani zai yi mai mummunar fahimta.

Sai babban aikin, wato mai gona. Kar ka je mai ranar da kake son shiga, karnuka na haki bayanka, lokacin ko yana so kunya ce za ta sa ya amsa kuma ba za ka sake samu ba. Je tun da damina ko farkon kaka, ka fara gaida maigari, in garin da sarkin baka ka bi ta hannunshi dan shi ya san wa ke yarda wa ba ya yarda, sannan a kai ka wurin mai gonar da ɗan goro. Ka ce, "Baba, na ji kurege da gafiya na maka ɓarna a gyaɗa, in ka yarda bayan an kwashe amfani in zo in rage maka su." Ka ga yanzu kai mai taimako ne. Ka tambaye shi iyakar gonar, ya nuna ma da ƙafa, daga wannan gawo zuwa waccan aduwa, saboda zomo bai san iyaka ba kuma izinin Baba bai shafi gonar maƙwabcinshi ba. In gonar ta ɗan birni ce mai gadi ba shi da ikon ba ka izini, amshi lambar mai ita ka kira.

Lokaci: sai an girbe hatsi da dawa, an yi roron wake, an ɗaure harawa, hukuma ta sanar da sakin gonaki. Kafin nan kare ɗaya cikin wake ya isa ya kai ku gaban maigari.

In ka shiga, wuta haramun. Banka wa rami hayaƙi dan fito da gafiya shi ya fi komi jawo a kori mafarauta, don kara da harawa yanzu kuɗi ne, iskar hunturu kuma ba ta jira. Ramin da ka haƙa ka cike shi kar sa ko jaki ya karye. Kar ka sare ƙananan itatuwan da ka gani an gyara su tsaye a gona, sassaben zamani ne, nan Maraɗi aka fara yaɗa shi tun shekarun 1980, kuma a ganina su ne ma suka sa fakara da zomo ke samun maɓoya har yau. Tarko kar ka kafa kusa da burtali, akuyar Bafulatani za ta faɗa. Dabba mai ciki ko zabuwa kan ƙwai ka wuce ta.

Ku je biyu ko uku, ba gayya ba, in mai gona ya ce kai kaɗai to kai kaɗai. Da za ka tafi ka biya ta gidanshi ko ba ka kama komi ba, in ka kama zomo biyu ɗaya nashi ne, ka faɗa mai abin da ka gani, ko waya ta tsinke ko wani na satar mai kara.