Darasi na Tara: Ƙofofin da Ke Jikin Bakteriyar Hanji

A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Yawancinsu ba sa cutar da mu, wasu ma taimaka mana suke yi wajen narkar da abinci. Wadda aka fi sani ita ce E. coli, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Don ƙanƙantarta, sai an jera kamar guda 500 kai da kai kafin su cika milimita ɗaya. Ƙwayoyin da ke kawo taifot da kwalara ma irin ginin jikinta gare su.

Wannan halitta tantani biyu ne ya lulluɓe ta, na ciki da na waje, da ɗan fili a tsakaninsu. Na wajen shi ne ke kare ta daga ruwan matsarmama da ke zubowa cikin hanji, da kuma magunguna da dama. Ku ɗauke shi kamar badalar Kano a da: mai shiga birni sai ya bi ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa ko wata ƙofar. Ƙofofin bakteriya da furotin ake yinsu, ta nan abinci ke shiga, ta nan datti ke fita.

To, yaya ake kafa ƙofar? Nan ne abin mamakin yake, ku karanta a hankali. Can cikin tsakiyar ƙwayar ake ƙera furotin ɗin, yana fitowa dogo kamar zare, bai naɗe ba tukuna. Sai a zura shi ta wata kafa da ake kira Sec, ya ƙetare tantanin ciki. Da ya faɗo filin tsakiya, wasu furotin masu rakiya, SurA da Skp, sai su riƙe shi don kada ya cukuikuye a hanya. Su ne za su kai shi ga wata ƙungiyar furotin guda 5 da ke zaune a tantanin waje, sunanta BAM. Babbansu, BamA, shi kansa bututu ne. Yana buɗe gefensa kaɗan, baƙon furotin ɗin ya naɗe ya zama bututu mai rami a tsakiya, sannan ya zame ya zauna daram a cikin tantanin. In aka hana BamA aiki, ƙwayar mutuwa za ta yi.

Ba kuma a warwatse ƙofofin suke ba. A 2015 masana a Jami'ar Oxford ta Ingila sun nuna cewa gungu-gungu suke taruwa. Sababbi suna shiga wajen tsakiyar jiki, tsofaffi kuma ana ta ture su zuwa ƙarshe biyu yayin da ƙwayar ke girma.

Wani zai ce, malam, ina ruwana da wannan? Da ruwanka ƙwarai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa ta waɗannan ƙofofi yake shiga, kamar ƙofar da ake kira OmpF. Wani maganin, kamar vancomycin, ya yi girma, ba ya iya wucewa, shi ya sa ba ya yi wa E. coli aiki. Ƙwayar da ta sha haɗuwa da magani ba ta mutu ba, zuriyarta kan fito da ƙarancin ƙofofi, ko su riƙa tunkuɗo maganin waje ta wani bututu mai suna TolC. Abin yana damuna in na ga mutum ya tsaya a kemis ya sayi kafso huɗu don cikinsa ya murɗa, ba likita, ba gwaji. Ƙwayoyi masu taurin kan ne ke tsira daga irin wannan shan magani, su hayayyafa. A 2019 an gano wani sinadari, darobactin, mai toshe BamA daga waje, amma har yanzu bincike ake yi, ba a sayar da shi.

Aikin aji: ku zana ƙwayar a littafinku da tantaninta biyu, ku ja layi ya nuna hanyar furotin daga ciki har zuwa BAM. Sannan kowa ya rubuta jimla uku kan abin da zai tambayi likita kafin ya sha maganin ciwon ciki.