Yadda Ake Haɗa Takin Gida a Ƙarshen Hunturu Kafin Dashen Itatuwa

Duk wanda ya zo mini da kukan takinsa ya ƙi ruɓewa, tun kafin ya rufe baki na san ruwa ne. Ko ya yi yawa, ko bai ratsa ciki ba. Ni ma a nan na sha ƙasa shekarar da na fara.

Ƙarshen hunturu ne lokacin aikin, ga busasshen ganye ya zube ko'ina, takin kuma zai nuna dab da lokacin shuka. Kaya iri biyu za ka tara. Busassu su ne ganye, karan da aka daddatsa da kwali marar leda. Ɗanyu kuwa ɓawon kayan lambu, ɗanyar ciyawa, kashin kaji ko na shanu. A lissafin masana ana son sinadarin kabon (wanda ya fi yawa a busassu) kashi 30 ga sinadarin naitirojin (wanda ya fi yawa a ɗanyu) kashi 1, amma ba mai auna wannan a bayan gida. Bokiti 3 na busassu, bokiti 1 na ɗanyu, shi ke nan. Nama, mai, kashin kare da na kyanwa kada su kusanci wurin, ɓeraye da cuta suke jawowa.

Tsibin ya kai mita 1 a tsawo, faɗi da tsayi. Ƙasa da haka ba ya riƙe zafi. Kada ka ɓata kuɗinka a kan durom na musamman ko hodar da ake cewa tana hanzarta ruɓewa. Shebur biyu na ƙasar lambu na ɗauke da duk ƙwayoyin halittar da za su yi aikin.

To, ga inda na faɗi. Na jibge kayana a bushe har sama, sannan na kwarara ruwa a kai, na tafi ina jin na gama. Ashe busasshen ganye kamar jinka yake, ruwa zamewa yake ta gefe. Bayan mako shida na buɗe tsakiya, na tarar da ganyen yana ƙaras-ƙaras kamar ranar da na share shi. Haushi ya sa na yi masa ambaliya, cikin kwana biyar wurin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, don ruwa ya kori iska. Asara biyu a tsibi ɗaya.

Abin da ya dace shi ne jiƙawa hawa-hawa. Shimfiɗa busassu kaurin santimita 15, yayyafa ruwa, cuɗa da hannu, ɗora ɗanyu, sake yayyafawa, haka har sama. Ni yanzu ganyen ma a ruwa nake kwanar da shi. Sai ka damƙi na tsakiya, ba na sama ba, ka matse da ƙarfi. Ɗigo ɗaya ko biyu tsakanin yatsu, daidai ke nan. In ya tsiyaya, ƙara kwali. In ya warwatse da ka buɗe hannu, yana jin ƙishi. Rufe shi da tsohon buhu saboda iskar hunturu.

Cikin kwana uku zuwa huɗu ciki zai ɗau zafi. Digiri 55 zuwa 65 ake so, shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In ya wuce 70, ƙwayoyin halittar da ke aikin ne da kansu ke mutuwa. Ba ka da ma'auni? Soka rodi, ka bar shi minti goma, in ka zaro ka kasa riƙe bakinsa ka san aiki na tafiya. Juya duk mako, na gefe ya koma tsakiya. In ka ji zarni kamar na fitsari, ɗanyu sun yi yawa. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi da ƙamshin ƙasa, ka ƙara masa mako uku ya huce.

Batun itace kuwa, ɗan ƙasa kawai nake dasawa, wato wanda ke fitowa da kansa a dajin yankinka. Yawancin tsutsotsin malam-buɗe-littafi ba sa cin ganyen baƙon itace, kuma da ƙwari da tsutsa yawancin ƙananan tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu, har masu cin tsaba. Inda ake sanyin ƙanƙara, a dasa kafin toho ya fito. Inda rani ke biyo bayan hunturu, haƙa ramin yanzu, dashe sai ruwa ya zauna.

Faɗin rami ninki biyu ko uku na dunƙulen saiwa, zurfi kuwa kada ya wuce tsayinta. Wuyan itacen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, binne shi da zurfi na kashe shi sannu a hankali. Yanke saiwar da ta nannaɗe cikin leda. Mayar da ƙasar da ka haƙo, takin a sama za ka baza shi, kaurin santimita 5, kada ya taɓa gindin. Ban ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ya fi yayyafin kullum.